Ranar da Baba Ya Yi Magana a Rediyo

Shekarar da Baba ya tafi aikin hajji aka jawo mana wutar lantarki a gidanmu na Birnin Kudu. Kai, mun yi rawar kai! Maigidana ya sayo fanka da dogon ƙwai mai farin haske, ni kuwa ko kaza ce ta leƙo ɗakin sai na kunna mata.

A lokacin gidan rediyo kan naɗo muryoyin alhazai suna gaida gida. Aka ce mana ran Laraba za a sa 'yan yankin Gwaram, wato yankin su Baba. Inna, mahaifiyata, ta taso takanas daga Kwandiko a bayan akori-kura, don rediyonsu ta mutu, kuma tun tafiyar Baba ba ta ji ɗuriyarsa ba. Duk ta rame.

Baƙuwa irin wannan ai sai a burge ta. Na kunna fanka, na kunna ƙwai da rana tsaka, na ɗora rediyo a kan kabad daf da ƙwan, don ta ga arzikin 'yarta a kallo ɗaya.

Ana fara shirin rediyo ta ɗauki zuuu, kamar an taɓa amya. Maigidana ya murɗa, ya mare ta, ya zaro eriya har ƙarshe, ya canja batir. Ya ɗaura mata waya ya kai ƙarfen taga. Ni na ɗora ta a ka ina zagaya ɗaki, ina tsine wa wanda ya sayar mana da ita. Ga shiri yana ta tafiya.

Inna ta ce, "Ke, kashe min fitilar nan, ido take ci min. Ranar Allah ba ta ishe ku ba?"

Na kashe a fusace. Ɗif, zugin ya ɗauke! Maigidana ya daka tsalle ya kashe fankar ma, muka ruga da rediyo bakin taga.

Can sai ga gyaran muryar Baba. Na rangaɗa guɗa har sai da aka rufe min baki. Ya gaida maigari, ya gaida liman, ya bi maƙwabta ɗaya-ɗaya. Daga ƙarshe ya ce, "Ina gaida mutanen gida."

Inna ta manta da surukinta na tsaye. Ta ja mayafi, ta durƙusa gaban rediyo, hawaye na zuba.

"Lafiya lau, Malam," in ji ta. "Kana dai cin abinci ko?"