Sunan Wanda Ya Kawo Takarda

Shekarar da soja suka koma bariki, ina aikin masinja a ofishin shugaban wata kwaleji a nan Katsina. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ya sa na riƙe ƙa'ida da hannu bibbiyu. Duk takardar da ta shigo sai na rubuta a littafi: kwanan wata, abin da ta ƙunsa, da sunan wanda ya kawo ta. In na bar gurbi ɗaya babu rubutu, ranar ko tuwo ba ya mini daɗi.

A lokacin famfunan ɗakunan kwanan ɗalibai sun yi makonni ba ruwa. Cikin masu jagorantar ƙorafi akwai wani dogon saurayi ɗan Ƙofar Guga, saura masa wata huɗu ya gama. Shi kaɗai ke tsayawa ya gaishe ni har ya tambayi iyali.

Wata Litinin ya shigo da takardar koke. Ɗalibai sun sa hannu a zagaye, kamar bakin faifai, don kada a gane wanda ya fara.

"Baba, ga saƙo. A miƙa wa Shugaba kawai."

"Sai na rubuta sunanka."

"Rubuta ɗalibai mana. Ai farar hula ke mulki yanzu, ko labari bai iso ofishinku ba?"

"Ɗalibai ba suna ba ne."

"To, ka ce iska ce ta kawo."

Ya fita yana dariya. Na daɗe da biro a hannu. In aka tambaye ni fa? In aka ce na ɓoye wani abu? Na tuna 'ya'yana, na tuna ba ni da wata sana'a. Na rubuta sunansa, har da ajinsa, wanda ba wanda ya nema.

Bayan kwana uku ɗalibai suka jera bokitai a ƙofar ofis, a cikin turereniya gilashin taga ya fashe. Kwamitin ladabtarwa ya zauna, suka yi ta juya takardar koken, suka rasa wanda za su kama. Sai magatakarda ya ce a kawo littafin masinja. Da hannuna na kai. Ya duba, ya ce, "Ka ga mai aiki." Na ce na gode.

Cikin mako biyu aka gyara famfo. Har yau ɗalibai na shan ruwan. Saurayin kuwa aka kore shi, kuma ni aka ba takardar korar in kai gidansu.

Na hau keke. Mahaifinsa baduku ne, na same shi a zaure yana ɗinka takalmi. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya sa aka kawo mini ruwa da goro. Ya juya ambulan a hannu.

"Malam, yaron ya fita, ni kuwa ban yi boko ba. Karanta mana mu ji. Ko maganar jarrabawa ce?"

Na san kowane layi. A gabana aka buga ta, ni na manna mata hatimi.

"Alhaji, ni ma Turancin nan ya fi ƙarfina. A jira shi ya dawo."

Ya ce ba komai. Ya ajiye takardar a kan tabarma, ya ɗora almakashi don kada ta tashi. Ya tura mini kekena har bakin hanya, ya ce in gaida Shugaba, in yi masa godiya bisa riƙon da ake wa ɗansa.

Na ce zai ji.