Tsohuwar da Ake Kira Sinyorita

Na yi shekaru a Riyad ina tuƙa wani ma'aikacin ofishin jakadanci, mutumin wata ƙasa da ke magana da Sifaniyanci. Aikina a tsare yake: in wanke mota, in kai yara makaranta, in dawo in ɗauki maigida, sannan cefane.

Ranar da na kama aiki uwargidan ta koya mini ƙa'idarsu. Matar aure Sinyora ce. Wadda ba ta taɓa aure ba Sinyorita ce, komai shekarunta. Na haddace.

A gidan akwai wata tsohuwa, kanta fari fat, tana ɗan ɗingishi. Ita ta reni maigidan tun yana jariri a ƙasarsu, ita kuma ke renon 'ya'yansa. Da na ga furfura sai na rusuna na ce Sinyora. Uwargidan ta ɗaga yatsa.

"A'a, Sinyorita. Ba ta yi aure ba."

Yara suka ƙyalƙyale da dariya. Tsohuwar ta ci gaba da ninke kaya.

Na bi umarni, domin ba na saɓa wa tsarin gidan mutane. Amma bakina bai taɓa sabawa ba. A wurinmu ko ba ka san mace ba, in ka ga furfura Inna za ka ce, ko Hajiya. Mai gadin ƙofar gidan, wani Bakatsine mai tsokana, ya gano haka.

"Malam, gyara hula, ga budurwarka nan ta fito."

"Kai, ka ji tsoron Allah! Ta haifi babarka."

"To ni na ce yarinya ce? Su suka faɗa."

Wata rana na kai ta unguwar Malaz sayen yadi. Mai shagon ya so ya girmama ta, ya tambaye ta, "Ummu wa?" wato uwar wa, domin a Riyad da sunan ɗanta ake kiran mace. Ta fahimta sarai. Ta girgiza kai, ta ɗauki yadinta muka fito.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Can ta tambaye ni da guntun Turancinta, "A garinku me za a kira ni?"

Na ce uwar goyo. Na yi mata bayani dalla-dalla: mace ce da ta reni ɗan da ba ta haifa ba. In ya girma zai ba ta ɗaki a gidansa, ya ciyar da ita, 'ya'yansa su kira ta kaka, a gidan kuma za ta mutu. Ta sa na maimaita. Sannan ta gaya mini cewa za a sauya wa maigida ƙasa, yara sun girma, an yanke shawarar mayar da ita gidan tsofaffi a can garinsu. Ba ta da kowa a garin. Duk waɗanda ta sani sun mutu tana yawon ƙasashe da 'ya'yan mutane.

"Ka gaya masa abin nan da ka gaya mini," in ji ta. "Wataƙila ya ji daga bakinka."

Ba ɗabi'ata ba ce shiga maganar gida. Duk da haka washegari, muna hanyar unguwar Ulaya ni da maigida, na fara da neman izini, ya ba ni. Na faɗa masa yadda muke yi da wadda ta goya mu, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya saurara har na gama.

"Al'adarku tana da kyau," ya ce. "Sinyorita za ta samu kulawa a can, akwai likita." Ya ɗauki wayarsa.

Ni kaɗai na kai ta filin jirgi. Maigida yana taro, yara suna makaranta, uwargidan ta rungume ta a bakin ƙofa. Na tura mata akwati har inda ake tsayar da masu rakiya. Ba ta tambaye ni abin da ya ce ba, ni ma ban faɗa ba.

Kafin su bar Riyad labarin rasuwarta ya iso. A mota maigida ya gaya mini, kamar mai ba ni kwatancen hanya. Sai na yi masa ta'aziyya yadda muke yi.

"Yallaɓai, Allah ya ba ka haƙuri. Rashin uwa ba ƙaramin abu ba ne."

"Ba mahaifiyata ba ce."

"Na sani, Yallaɓai."

Mun ɗan yi gaba ya ce in tsaya. Na faka a gefen titi, na fita na tsaya cikin rana, na ba motar baya. Na daɗe a tsaye kafin ya ƙwanƙwasa gilashi. Da na shiga ban dubi madubi ba. Ya ce mu koma gida.