Baba Ma'aruf, Muryar Hotunan Mansur

A da, idan ka ratsa lungunmu na Mansur, unguwar Hausawa a nan ƙasa mai tsarki, da hantsi, za ka tarar Baba Ma'aruf ya riga ya ɗage ƙofar shagonsa, ya ɗora shayi, ya zura zare a allura. Sana'arsa ɗinkin littattafai. Alƙur'anin da bangonsa ya saki, littafin fiƙihun da jikoki suka yaga, duk gabansa ake kawowa. Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan zama. Watan jiya ya rufe shagon, idanu sun ce sun gaji.

Amma ba don ɗinki kaɗai nake jinjina masa ba. A saman kantarsa, naɗe cikin tsohon harami, akwai manyan littattafai uku masu hotuna, na finafinan zamanin da sinima ta fara magana. Daga Madani ta Sudan ya taho da su, inda ya yi samartakarsa yana juya majigi a wani gidan sinima marar rufi. Ya bar katifa, ya bar rediyo, ya sunkuto su. Matarsa, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahalicci tana yi masa gorin wannan.

Mu kuwa mun tashi a garin da babu sinima. Don haka bayan la'asar, in ya ajiye allura, sai ya wanke hannu ya sauko da ɗaya. Ga mace ta jingina da fiyano, ga mutum mai malafa ya buɗe baki, hotuna baƙi da fari, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Sai Baba ya gyara murya. Ya yi ta attajiri, ya yi ta ɗan sanda, ya matse maƙogwaro ya yi ta amarya har mai sayar da tsire na gefe ya bar wuta ya leƙo. Ya gaya mana yadda 'yan wasan farko suke tsayawa ƙiƙam kusa da tulun furanni, domin a ciki aka ɓoye abin ɗaukar magana. Ni Mujahida, a nan na fara sanin cewa hoto ma yana da harshe. Wallahi ina kewar yammacin nan.

Kowa a lungu ya san labarin Hajiya Jannatu. Ta ari littafi ɗaya don jikokinta. Mu da muka yi makaranta a nan mun san al'adar: hoton abu mai rai, a ja masa layi a wuya kafin ya kwana a ɗakin da ake salla. Hajiya ta ɗauki biro ta bi shafi shafi, ba ta bar ko doki ba. Ta dawo da shi tana murmushi.

"Ga shi, Malam, na gyara maka shi. Khalas, shi ke nan, yanzu mala'iku sa shigo."

Waɗanda ke wurin sun ce Baba ya daɗe yana kallon shafin farko, sannan ya ce, "Ma'alesh, ba komai, Hajiya. Don Allah kika yi. Zauna ki ji abin da suke cewa." Ya buɗe, ya yi mata muryar wata tsohuwa mai faɗa da surukinta, ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Tun daga ranar tana da kujerarta a bakin shagon, biro kuwa ba ta sake zuwa da shi ba.

Baba, kai ne mai haƙurin da ya fi zare tsawo. Kai ne ka nuna mana duniya ba tare da ka raina tsoron Allahn maƙwabciyarka ba.

Yanzu ga abin da ke damuna. Littattafan suna nan lafiya, ɗinkinsa ba ya saki. Amma abin da mutanen ciki suke faɗa, a kan Baba kaɗai yake, ba a rubuta shi ko'ina ba. Yaranmu suna zuwa Jidda kallon sinima, Hausar ma da ƙyar suke haɗa ta. Ran da ya yi shiru, hotunan sun yi shiru ke nan.

Juma'ar da ta wuce na je gidansa da jikarsa Tahani, ta kunna wayarta don ɗaukar murya. Ta ɗora masa littafi a cinya. Ya shafa shafin, ya kawo shi dab da fuska, ya mayar.

"Ya jaddi, kakana, ko mu bari sai wani lokaci?" in ji ta.

"Wane lokaci, ya binti, 'yata? Ke faɗa mini abin da kike gani, ni in faɗa miki abin da suke cewa."

Ta ce ga mutum a tashar jirgi riƙe da akwati, mace tana bayansa. Ya yi murmushi, ya gyara murya, ya fara.

Mun gode, Baba Ma'aruf. Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma 'yan Mansur da kuka sha dariya a bakin shagon nan, littafi biyu da rabi suka rage. Ku zo gidansa bayan la'asar, ku ara masa idanunku.