Ragowar Iya

Iya, mahaifiyar babanmu, ta sauka Landan ne da yana a idanunta biyu da ƙullin daddawa a ƙasan akwati. Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati na ta tura ma'aikata ƙaro ilimi, Baba na cikinsu, sai ya ga dama ta samu ya ɗauko uwarsa a jirgin sama a gyara mata ido. Muna zaune a wani ɗan tsukukun gida a unguwar Catford, bayansa layin dogo. Ni ina firamare. Ƙanwata Rabi kuwa a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana da Turanci take mayar maka. Ranar da Iya ta iso ta shafa fuskata da hannu ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Miji ba cefane, sai Turanci." Tun daga ranar na zama maigida.

Iya ba ta yi wa Landan kallon arziki ba. Ta ce ruwan famfonsu ba ya kashe ƙishi, kazarsu kamar auduga, mutanensu kuma kowa na sauri kamar an aike shi. Abu ɗaya ta yaba, shi ne dare. Da sanyi ya shigo, kafin mu gama cire kayan makaranta duhu ya rufe, sai ta ce lallai wannan ƙasa don tatsuniya aka yi ta, mutanenta ne ba su sani ba. Murhunmu wata hita ce mai kananzir, mai zagayen wuta shuɗiya. Iya za ta miƙe ƙafafu a gabanta, safa biyu-biyu, mu kuma mu lafe a jikinta. Sai ta ce, "Ga ta nan ta ƙetaro teku, ga ta nanku." Ni in ce ta zo mu ji ta, Rabi ta faɗi nata da Turanci, Iya ta ja mata kunne kaɗan ta ci gaba. Har yau in na ji warin kananzir sai in ji kamar za a fara.

Bayan gidan akwai ɗan fili da mai gidan ya shafe da siminti. Iya ta ƙi yin alwala a ɗakin wanka, ta ce ba ta ambaton sunan Allah kusa da masai, don haka ko ana tsananin sanyi sai ta fita da butarta ta ruwan ɗumi. A can, gindin katanga, inda siminti ya tsage, ƙafarta ta taɓa wata ciyawa kwance a ƙasa, ganyenta kamar an yayyaga shi. Ba ta ganinta sosai, amma ta ce duk abin da ya iya fasa siminti ya fito ya cancanci a ba shi ruwa. Kullum a kanta take alwala.

An yi mata aikin ido aka dace. Da ɗumi ya fara shigowa ciyawar ta miƙe, ta yi kara, ta kai wa Iya ƙugu, sannan ta buɗe furanni rawaya tuli guda. Iya ta tsaya a kanta da sabon tabaronta mai kauri, ta ce rabonta da ganin rawaya mai kyau haka tun furen tafasar bayan ɗakinta. Ta kafa mata sanda don iskar jirgin ƙasa, ta ɗaure da zare, tana tsince busassun ganye. Wasu tsutsotsi masu zanen baƙi da rawaya suka hau ta suna ci, Rabi ta ɗauko takalmi, Iya ta hana. Ta ce baƙi ne, ba a dukan baƙo a kan akushi.

Sai dai ɗumin da ya kawo fure shi ya ɗauke mana dogon dare. Rana ta ƙi faɗuwa. Mama na kora mu barci saboda makaranta alhali tsuntsaye na ta kuka a waje, Iya kuwa ta ce atafau ba ta tatsuniya da rana, don wanda ya yi ko ya saurara ɓata yake yi. Mama ta ce, "Iya, ko a ja labule?" Iya ta ce, "Ke 'yar nan, kina tsammanin rana ba ta san labule ba?" Ga shi kuma an riga an sa lokacin komawarta gida, kafin dogon dare ya dawo. Na yi lissafi irin na yaro na gane cewa in ba a yi wata dabara ba, na gama jin tatsuniyar Iya ke nan. Na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa.

Da ta ga kukan ya yi yawa sai ta ce akwai hanya. A gida, in dole sai an yi da rana, akan ƙulla tsinken ciyawa a bakin ɗaki, a ce an ɗaure gizo, in an gama a kwance. Na kawo mata igiyar takalmi, ta ce a'a. Na kawo tsintsiyar roba, ta ce sai abin da ya fito daga ƙasa. Rabi ce ta nuna ciyawar gindin katanga. Iya ta zaɓi wani siririn reshe ta lanƙwasa shi a hankali ta ƙulla, ta sa muka wanke hannu da sabulu don ta ce ruwan jikinta da ɗaci, muka shimfiɗa tabarma a kan siminti. Haka tatsuniya ta dawo, rana tsaka.

Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne da ba ya rabuwa da lofe a baki, Iya ta sa masa Mai Lofe. Da ƙuruciyarsa dawakin keken kaya ya yi wa hidima. Wata rana ya leƙo ta katanga ya ga furen, fuskarsa ta yi ja, ya fara zuba, ni kuma aka tsayar da ni tafinta. Ya ce guba ce, tana kashe doki da saniya, kuma in furen ya bushe ya zama kamar auduga iska za ta watsa irin a kowane lambu. Iya ta waiga hagu da dama ta ce, "Maigida, tambaye shi ina dokin." Ban tambaya ba, na ce tana gaishe shi. Ta ce to mene ne sunanta? Ya ce ragwort. Iya ta ce, "Ragowa? Ai kuwa ya faɗi gaskiya, ita ce ragowar abin da siminti bai cinye ba. Ce masa shi ma ya yi mata ragowa."

Mai Lofe bai yi ragowa ba, ya tare Baba a ƙofa ya ce zai kai ƙara hukumar unguwa. Baba mutum ne mai gudun magana a ƙasar mutane. Ya shigo ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, gobe Asabar zan cire ta. Maganar ɓatan nan ai camfi ne." Baba ɗan fari ne, Iya ba ta faɗin sunansa, ba ta ma cika dubansa ba. Ni ta duba ta ce, "Ce wa uban naka ni na tsufa da ɓata. Waɗannan yaran nake jiye wa." Ta ɗauki tabarma ta fita, muka bi ta, ta ƙulla reshe.

Tatsuniyar ranar ta tumfafiya ce. Wai a da, in 'ya'yan tsirrai za su bar gida uwarsu kan yi musu guzuri. Rake ya ba nasa zaƙi, gyaɗa ta ba nata mai. Tumfafiya kuwa matalauciya ce, ba ta da komai sai ɗaci, sai 'yar farar riga mai gashi da ta sa wa 'ya'yanta biyu. Iska ta kwashe su ta ƙetare kogi da su, ta ajiye su a ƙasar da ba a san su ba. Tsirran can suka riƙa toshe hanci. Babban ya ji kunya, ya gangara kogi ya yini yana wanke ɗacinsa har ya fita tas. Aka karɓe shi, aka yi masa wuri a tsakiyar lambu. Ba a jima ba akuyar sarkin garin ta ɓalle, ta ɗanɗana shi ta ji daɗi, ta cinye shi har saiwa. Ƙaramin yana can gefen hanya, in an yi masa gori sai ya yi waƙa. Iya ta rera da 'yar siririyar muryarta, "Ɗacin gidanmu, ɗacin gidanmu, ban saya ba, ba na sayarwa." Akuya ta gatsa ta tofar.

Muka ɗauka ƙarshen ke nan, sai Iya ta nuna tsutsotsin da ke kan ragowa. Wai wata tsutsa ce tsuntsaye suka koro, kowa ya rufe mata ƙofa, ɗan tumfafiya ya ce ba shi da abin ba ta sai ganyensa mai ɗaci. Ta ci, ɗacin ya shiga jikinta, tsuntsaye suka bar ta. Da ta yi fiffike ta ce me zan saka maka da shi? Ya ce, ki ƙetare kogi ki je bakin wani kango, za ki ga wata tsohuwa tana kallon hanya, ki ce mata ɗanta na nan, bai ɓata ba. Iya ta ce, "Ƙurunƙus, kan ɓeran Landan mai yawo da kwat."

Ashe Baba na tsaye a ƙofar kicin tun farko. Sai ya ce, "Iya, da ni ake?" Ta kwance reshen ta ce, "Maigida, ce masa tatsuniya ba ta kama suna." Washegari, maimakon ya nemi shebur, sai ya tafi katanga shi da Mai Lofe suka daɗe suna magana. Aka daidaita a kan za a riƙa yanke duk furen da ya fara bushewa kafin ya yi auduga. Mai Lofe da kansa ya miƙo almakashi da safar hannu, Iya ta aika masa da dambun nama, ya ci yana tari.

Ranar da za ta tafi, akwatuna na bakin ƙofa, ta ja mu baya ta ƙulla reshe ta yi mana wata 'yar gajeruwa da ban ma riƙe ta ba. Ta miƙe ta kaɗe zane za ta wuce. Na ce, "Iya, kin manta ba ki kwance ba." Ta dafa kaina ta ce, "Ban manta ba, maigida. Ni gida za ni, can dare na zuwa a kan lokacinsa. Ku zan bari cikin rana."

Ba mu sake ganinta ba. Karatun Baba ya zama aiki, aiki ya zama zama, Iya ta rasu a Kano ina sakandare, Allah ya jiƙanta. Ragowa ta bushe da ƙullinta a jiki, don ita in ta yi fure ta gama. Amma wani iri ya kuɓuce wa almakashin, shekara na zagayowa sai ga sabon ganye kwance a tsagar siminti. Mai Lofe ya gani ya yi kamar bai gani ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mutum ya yi taurin kai. Sai da na haifi nawa, na ji suna mayar mini da Turanci kamar Rabi, na gane ashe a ranar nan, tsohuwar da ke bakin kango ce da kanta ta yi mana tatsuniya. Camfi ne, na sani, Baba bai yi ƙarya ba. Amma tsoron da ke bayansa gaskiya ne, yanzu ni nake ɗauke da shi. Akwai ragowa guda a kusurwar lambuna, ina ba ta ruwan alwala, ina yanke furen da safar hannu kafin ya yi auduga, ina barin tsutsotsin su ci rabonsu. Bana jikata Amina ta zo hutu, rana ta ƙi faɗuwa, na ƙulla reshe na yi mata ta tumfafiya. Da na gama na miƙe, ta ja rigata ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Kaka, ka manta, ba ka yi untie ba."

Na ce mata ban manta ba.