Injin Ƙanƙarar Yaya Habu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Habu, wanda mutanenmu na unguwar Dengfeng a birnin Guangzhou suka fi sani da Habu Fulogi, kuma wallahi a makon nan na kasa zaune na kasa tsaye. Matar da ta ba mu hayar gida ta sayar da shi, ta ce in kwashe kafin Asabar. Kayana ba su dame ni ba, ɗan kasuwar tufafi komai nasa jaka yake shiga. Abin da ya hana ni sakat shi ne injin da Yaya ya bari a baranda. Matar ta riga ta yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa, ni kuma ba zan loda mataccen ƙarfe a kwantena in kai Kano a yi mini dariya ba. Na yanke cewa in ya ba da wuta zai bi ni, in ya ƙi sai a ɗora shi a sikeli.

Yaya bakaniken babura ne tun a gida, sayen kayan gyara ya kawo shi Guangzhou. A wani shago bayan tashar jirgin ƙasa ya ga injin, tsoho, na wani abin hawa da ake gudu da shi a kan ƙanƙara can arewacin ƙasar. Mutumin da bai san wata ƙanƙara ba sai ta firji, shi ya kinkimo wannan kaya har hawa na biyar. Na tambaye shi ko an fara ƙanƙara a Wudil ban ji ba. Ya ce famfon ban ruwa zai haɗa wa gonarsa. Ni dai na san gaskiyar: Yaya ba ya iya wuce injin da ya ƙi tashi, ko na maƙiyinsa ne.

Yana da yadda yake aiki. Zai kwance fulogi, ya maƙala shi a wayarsa, ya jingina shi da jikin inji, sannan ya cire hularsa ya yi masa inuwa, ya sa ni in ja igiya. Tartsatsi shuɗi, lafiya lau. Ja-ja, kwayil ya gaji. In babu komai sai a bi waya. Kullum maganarsa ɗaya: “Kada ka zargi kabireta kafin ka ga wuta.” A wannan injin ya canza fulogi, ya canza kwayil, ya goge tsatsar maganaɗisu. Akwai wasu wayoyi biyu da ke reto, na makashin inji. Kowane bakanike a Kano ya san raba irinsu ake yi don wuta ta zo, shi ma ya raba su ya naɗe kowace da salatif. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami, ko ƙyas. Da ciwo ya matsa masa ya tafi gida ganin likita, ya kife hular a kan injin, ya ce in riƙa juya shi kada ya cije. Can Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga garin nan yau. Baburan lantarki sun cika titi, su wuce ta gefenka shiru kamar mage, ba fulogi ba hayaƙi. Na san zai tsaya ya riƙe ƙugu ya ce babur ɗin da ba shi da murya ta ina za a san abin da ke damunsa. Zai yi tsaki kuma in ya ga rabin abokansa sun koma gida suna odar kaya ta waya. Amma wayar da zai raina ita ta yi mini rana.

Ran Laraba ƙafata ta kai ni shagon da Yaya ya samo injin. Laoban ɗin, wato mai shagon, yana nan, ya tsufa. A zamanin Yaya ba abin da ke haɗa su sai kalkuleta da “meyo”, babu ke nan da yarensu, kuma ko da akwai yare, Yaya ba zai tambayi mai shago aikin inji ba. Ni da ban iya komai ba, ba ni da girman da zai zube, matambayi kuwa ba ya ɓata. Na nuna masa hoton wayoyin, waya tana yi mana tafinta. Sai ya kama wuyan hannuna. Ya ce mai hawan abin nan igiya yake ɗaurawa a nan. In ya faɗi cikin ƙanƙara igiyar ta fizge, wayoyin su rabu, injin ya mutu don kada ya gudu ya bar shi. Wato wannan injin sai wayoyinsa na haɗe yake ba da wuta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, Yaya kuma da kunnen Kano ya saurare shi.

Na dawo na daɗe tsugunne kafin in warware salatif ɗin, don hannunsa ne ya naɗa. Na haɗa wayoyin, na kira maƙwabcina Isufu, mutumin Maraɗi, ya ja igiya. Na jingina fulogi, na kakkaɓe hular na yi inuwa. Tartsatsi ya bayyana, shuɗi shar. Ban san lokacin da na ɗago kai na ce, “Yaya, ya kawo,” ba. Isufu ne a tsaye, ya kawar da kai.

Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar na shago ba, gonar ma ƙannenmu ke nomawa. Abin da ya bar mini shi ne hula mai maiƙo da wannan hali na ƙin yanke wa abu hukunci kafin a duba, kuma na ga halin bai tsaya a kan inji ba, har mutane haka ya yi musu. Murna nake yi, raina kuma yana ƙuna, don wanda ya fi kowa cancantar ganin wutar nan ba ya nan.

Yau da safe mai ƙarafa ya zo da kekensa. Ya leƙa baranda, ya nuna injin, ya tambaya ko shi ne kayan. Na tsaya tsakaninsu da hular a hannuna, na ce masa, “Meyo.”