Rubutun da Ya Kori Baba Daga Biro

Shekarar da aka kawo mana ordinata, wato kwamfuta, a biron porje, ofishin aikin raya karkara na Madarumfa, saura kaɗan shef ɗinmu, shugaban biron, ya yanka mata rago. Ya sa tela ya ɗinka mata rigar shadda, ya kafa doka: ban da maɓallan rubutu, duk wanda ya taɓa wani abu a jikinta, a bakin aikinsa. Wai haka wanda ya haɗa ta ya ce kafin ya koma Maraɗi. Ƙarya yake! Ina wurin. Cewa mutumin ya yi kada ruwa ya taɓa ta.

Mai buga mana takardu wani dattijo ne ɗan Safo, kowa Baba yake ce masa. Tun ban shiga lakwal na fara karatun boko ba yake buga mashin ɗin rubutu, don haka maɓallan ba su ba shi wuya ba. Masifar tana kan gilashin ordinatar: baƙaƙe mitsi-mitsi kamar an watsa riɗi. Sai ya liƙa hanci a jiki har hawaye na zuba, duk da haka kuskure ya wuce.

Shef ya ce, "Baba, in idon ya ƙare ka faɗa, akwai yara masu neman aiki." Ƙanen matarsa yake nufi, wa bai sani ba? Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Me ba mu yi ba? Na kawo kwallin innata. Direbanmu ya sayo tabarau wajen wani mai talla a Jibiya, Baba ya sa, jiri ya kwashe shi. Har kwalba muka cika da ruwa yana karawa a gilashin don baƙaƙen su kumbura, yana bin su layi-layi. Da na gaji na ce wa shef, "Mushe, a tambayi mutumin Maraɗin nan mana, ko akwai dabara." Ya dube ni sheƙeƙe. "Ke, abin da Turawa suka ƙera za a jagwalgwala don idon tsoho?" Ji fa! Mutumin da ko kunna ta bai iya ba, sai dai ya tsaya bayan mutane yana kaɗa makullai.

Kafin kaka aka sallami Baba. Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa, ya tafi. Na zagaya bayan biro na yi kuka, kukan haushi.

Ƙanen matar shef ya kama aiki. Ashe shi ma, duk da ƙuruciyar, runtse ido yake yana kukan ciwon kai. Ai kuwa nan take shef ya tura mota Maraɗi! Mai gyaran ko zama bai yi ba. Ya danna nan, ya danna can, baƙaƙe suka tashi ɓaro-ɓaro, ana karanta su daga bakin ƙofa.

Ran kasuwa na iske Baba a garkarsa bakin tabki yana ban ruwan albasa, na ba shi labari. Ya ajiye guga, ya dube ni.

"Ɗiyata, kina nufin da ma tana iya haka?"

"Tun ranar da aka kawo ta, Baba."