Yau Na Faɗi Sunan Malam

Salamu alaikum 'ya'yana, Inna ce. Hajara maƙwabciyata ke rubuta mini. Yau na ga babanku a waya.

Kun san ba ni da hoton marigayin ko ɗaya, kuma fuskarsa ta fara ɓace mini. Da hantsi na ce wa Hajara ta nemo mini shi, tunda an ce komai yana cikin wayar nan. Ita baƙuwa ce a unguwar, ba ta riske shi ba.

Ta ce, "Inna, me zan rubuta?"

Na ce, "Malam."

Ta rubuta. Malamai suka cika waya, masu rawani da masu wa'azi. Ta ce sun yi yawa, sai an rage.

Na ce ta ƙara da Rano. Suka ragu. Na ce mai gyaran keke ne, yana cin kasuwar Kibiya. Suka ƙara raguwa, amma babu shi.

Ta ce, "Inna, sai fa kin faɗi sunansa."

Tunda aka kawo ni gidan nan, bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Na dubi ƙofar ɗakinsa. Na faɗa. Hajara ta rubuta, ni kuwa hawaye kawai ke zubo mini.

Sai ga wani bidiyo da aka ɗauka a kasuwa. Ga shi a tsugune yana faci, ya ba mu baya. Hularsa ce, ƙeyarsa ce.

Na ce ta sake kunnawa. Ta sake, ta kuma sakewa. Har aka kira azahar bai juyo ba.